Daga Akoko Zuwa Leda: Tarihin Rigar Ƙananan Jiragen Sama

Ƙaramin jirgin sama ya girmi babba. A watan Agustan 1871, shekara 32 kafin jirgin 'yan gidan Wright ya ɗaga da mutum, wani matashi Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tsaya a lambun Tuileries na birnin Paris, ya murɗa roba, ya saki wani ɗan jirgi mai tsawon kusan rabin mita. Jirgin ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Bayan shekara bakwai, wani limamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa Wilbur da Orville tsarabar wani abin wasa da aka yi bisa fasahar Pénaud, na takarda da gora da roba. Sun yi ta cilla shi har ya lalace, sannan suka zauna suka ƙera nasu.

Tun daga wancan lokaci masu ƙera ƙanana da masu ƙera manya matsala ɗaya ke damunsu. Kome kyan ƙashin fiffike, kome ingancin itacen da aka yi shi da shi, ba ya ɗaukar kowa sai an sa masa riga. Rigar kuwa dole ta cika sharuɗɗan da ba sa ga maciji da juna: ta yi sauƙin nauyi, ta hana iska wucewa, ta ɗame ba tare da ta lanƙwasa itacen ba, kuma ta jure rana da ruwa da ƙaya. Babu abin da aka taɓa samu ya cika su duka. Abin da aka yi ta yi shekara ɗari da ɗoriya shi ne musanya wannan aibi da wancan.

Wilbur Wright da kansa tela ne na dole. Da ya isa ƙauyen Kitty Hawk a watan Satumban 1900, bai sami dogayen katakon da ya tsara ba, sai gajeru, don haka yadin satin ɗin Faransa da ya ɗinko tun daga Dayton ya yi wa fiffiken yawa. Ya ari keken ɗinkin uwargidan mai masaukinsa, Addie Tate, ya rage shi. Da suka gama gwaje-gwajen wannan shekarar suka bar jirgin a kan yashi, matar ta kwance yadin, ta wanke, ta ɗinka wa 'ya'yanta mata biyu riguna. Jirgin da ya tashi ranar 17 ga Disamban 1903 kuwa akoko aka sa masa, irin da ake kira Pride of the West, wanda mata ke saye don kayan ciki. Ba a shafa masa komai ba. Dabarar da suka yi ita ce yanka shi a karkace, yadda zaren tsaye da na kwance za su gitta haƙarƙarin fiffiken, su riƙe shi kada ya goce. Wani ɗan ƙyalle daga wannan akoko ya je duniyar wata tare da Neil Armstrong a 1969, wani kuma ya tashi a duniyar Mars a jikin ƙaramin helikwafta Ingenuity a 2021.

Akoko tsura yana da iyaka. Iska na bi ta ramukan saƙa, raɓa na sa shi ya saki, gudu kuma na sa shi ya kumbura. Aka gwada yadi mai roba irin na kamfanin Continental, rana ta riƙa cinye robar. Wasu suka shafa sitaci, ruwa ya wanke. A.V. Roe na Ingila har takarda ya sa wa jiragensa na farko. Sai wajen 1911 aka sami mafita a wani ruwa mai danƙo da ake haɗawa daga sinadarin jikin auduga da itace, wanda masu sana'ar ke kira dof. Idan aka shafa shi ya bushe, yana toshe ramukan saƙa, yana kuma jan yadin har ya ɗame kamar fatar ganga.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mai da dof babbar haja. Dubban jirage ake ƙerawa, kusan dukkansu itace da waya da yadin lilin, wanda mafi kyansa daga masaƙun Ireland yake fitowa. Irin dof na farko, na naitiret, ɗan'uwan albarushi ne, tartsatsi kaɗan ke sa shi ya kama da wuta. Gwamnatin Birtaniya ta gayyato wasu 'yan'uwa biyu masana sinadarai daga Basel ta ƙasar Suwizalan, Henri da Camille Dreyfus, suka kafa masana'anta a Spondon kusa da Derby a 1916 don yin na asitet, wanda bai kai wancan saurin ƙonewa ba. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan ci gaba su ne ma'aikatan ɗakunan shafa, yawancinsu mata. Sinadarin da ake narka dof da shi a farkon yaƙin yana lalata hanta, shawara ta kama da yawa daga cikinsu, wasu suka mutu, kafin a daina amfani da shi. Da lilin ya yi ƙaranci saboda yaƙi ya toshe hanyar ƙasashen da ke noma shi, Amurkawa suka koma ga auduga mai dogon zare. Jamusawa kuma suka riƙa buga launukan ɓad-da-kama a jikin yadin tun daga masaƙa, don su huta da nauyin fenti.

Irin waɗannan jirage ne Kanawa suka fara gani. A farkon watan Nuwamban 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Fukafukansu itace ne da aka lulluɓe da yadi, aka ɗinke shi da zare a kan kowane haƙarƙari, aka shafe da dof.

Masu ƙananan jirage na biye da manya sau da ƙafa, sai dai ma'auninsu giram ne. A Ingila, a shekarun 1910 da 1920, ana ƙera su da siraran katako da wayar ƙarfe, a rufe da siliki mai mai. Suna da ƙarfi, suna da nauyi, ba sa daɗewa a sama. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko Charles Lindbergh, wanda ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a watan Mayun 1927 cikin jirgi mai rigar auduga da aka shafa wa dof mai garin alminiyam. Da ya sauka a Le Bourget, jama'a suka far wa jirgin suna yagar yadin don ajiyewa. Yaran Amurka suka haukace da jirgi, kamfanoni irin su Cleveland da Comet da Guillow suka riƙa sayar musu da kwalayen kayan haɗi a kan 'yan kwabbai. Na biyu shi ne balsa, itacen Ekwado mai sauƙin nauyi da ake yankawa da reza. A 1930 wani saurayi Ba'amurke, Joe Ehrhardt, ya je Ingila da jirgin balsa ya ɗauke kofin Wakefield, wanda mai kamfanin man Castrol ya sa aka fara gasarsa a 1928. Daga nan Turawan Ingila ma suka ajiye nasu katakon.

Ƙashin balsa ba ya ɗaukar riga mai nauyi, shi ya sa takardar Japan ta yi sarauta a wancan zamani. Siririya ce ƙwarai, nauyinta kimanin giram 12 a murabba'in mita, amma tana da dogayen zaruruwa da ke sa ta yi ƙarfi. Tana da gefen da take yagewa a miƙe da gefen da take yagewa a karkace, kuma duk yaron da ya taɓa rufe fiffike ya san gefen miƙen shi ake shimfiɗawa daga jiki zuwa ƙarshen fiffike, don kada ta lotsa tsakanin haƙarƙari. A manna ta a gefe-gefe, a fesa mata ruwa kaɗan, a kafe fiffiken da allurai a kan allo, a bar shi ya kwana. Da safe ta ɗame. Wanda ya yi garaje ya ƙi kafewa, zai tarar da fiffikensa ya murɗe, jirgin kuma ba zai taɓa miƙewa a sama ba.

Masu tashi a cikin ɗaki sun wuce nan ma. Sukan ɗiga ruwan naitiret a kan ruwa a cikin babban faranti, ya bazu ya zama wata fata mai ƙyalli da ido ke gani da ƙyar, su ɗauke ta da zoben waya su ɗora a kan ƙashi. A yau siririyar leda ta maye gurbinta, amma rukunin gasar, F1D, yana nan: fiffike bai wuce santimita 55 ba, nauyin jirgin bai gaza giram 1.4 ba. An sha yin gasar duniya ta wannan rukuni a ramin haƙar gishiri na Slănic a Romaniya, inda iska ba ta motsi.

Inji ne ya dawo da yadi. A farkon shekarun 1930 wasu samari biyu na Filadelfiya, Bill Brown mai ƙera ɗan injin fetur da Maxwell Bassett mai ƙera jirgi, suka haɗa hannu. A gasar ƙasa ta 1933 Bassett ya yi wa masu roba fintinkau har aka ga dole a ware wa masu inji nasu rukunin. Jirage suka girma, fiffike ya kai mita biyu, suka riƙa sauka a gonaki cikin kara da ƙaya. Takardar Japan ba ta iya wannan wahala. Aka sami wata takarda mai kauri da ba ta narkewa in ta jiƙe, Silkspan, wadda ta zo kala uku gwargwadon girman jirgi, Ingila kuma tana da tata mai suna Modelspan. Amma mai son abin da ya fi, siliki yake nema. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu nailan ya shigo, ya fi siliki juriya, ya fi shi nauyi da shan dof, kuma ba ya ɗamewa da ruwa yadda siliki ke yi.

Aikin siliki da dof shi ne abin da tsofaffin masu sana'ar ke tunawa da shi, wasu da kewa, wasu da hamdalar rabuwa. Ana farawa da itacen: a goge shi da sanfefa har ya yi sumul, domin duk wani ƙulli ko rami zai fito ta cikin yadin. A shafa dof sau biyu ko uku a duk inda yadin zai taɓa, ana gogewa tsakanin shafa da shafa. Sai a yanko siliki ya ɗan fi fiffiken girma, a jiƙa shi, a shimfiɗa, a riƙa ja daga nan a ja daga can har zaren saƙar ya miƙe, kada ya yi maciji. Yana jiƙen nan ake bin gefunansa da burushi da dof da aka tsinke da tina, ruwan ya ratsa ƙyallen ya narka na ƙasa, a murza da yatsa, su kama juna. Ƙasan fiffike ake fara rufewa, sannan sama, bakin na sama ya hau kan na ƙasa don iska ta riƙa danne shi maimakon ta ɗaga shi. Idan ƙasan fiffiken mai lotsawa ciki ne, dole a manne yadin a jikin kowane haƙarƙari, in ba haka ba da ya ɗame zai tashi ya bar itacen, siffar fiffiken ta ɓaci.

Wannan duk sharar fage ce. Babban aikin shi ne cike ramukan saƙa. Shafar farko a tsinke ake yin ta, rabi dof rabi tina, da hannu mara nauyi, domin in burushi ya cika, ruwan zai zube ta cikin ramuka ya taru a bayan yadin ya daskare, tabon da ba ya gyaruwa. Sai shafa ta biyu, ta uku, ta biyar, ana jira kowace ta bushe, ana ɗaga fiffiken ga haske a ga ko ƙananan hudoji sun rufe. Wasu kan zuba hoda a cikin dof don ya yi saurin cikewa, wasu kan ɗiga man zurma don kada ya ja fiye da kima. Ranar da iska ke da laima ba ranar shafa ba ce, domin tina na tashi da sauri ya sanyaya fuskar yadin, raɓa ta sauka, dof ya yi fari-fari. Ga wari mai hawa kai, wanda ya kori magidanta da yawa daga ɗaki zuwa gareji. Jirgin da aka ƙera ƙashinsa a mako biyu yana iya cin wata guda a wurin riga.

Wajen 1947 Ray Arden ya fito da filogin da ke riƙe zafinsa ba tare da batir ba, injuna suka koma shan metanol da man zurma da naitirometen. Wannan mai yana narka dof ɗin naitiret, mutum ya wuni a fili ya dawo da jirgi yana danƙo a hannu. Aka koma ga na butiret, wanda ke jure man, kuma bai kai na naitiret cin wuta ba. Shi ma da nasa halin: bai kai na naitiret kama itace ba, kuma ba ya daina ja. Shekaru bayan an gama jirgi yana nan yana matse ƙashin, har wutsiya ta lanƙwashe. Daga nan aka sami dokar da kowane ɗan koyo ke haddacewa, cewa butiret na hawa kan naitiret, amma naitiret ba ya hawa kan butiret. Da yawa sukan manna da na farko, su gama da na biyu.

A can wajen manyan jirage kuwa, auduga da lilin sun fara gundurar masu su, domin 'yan shekaru a waje sun isa rana da laima su ruɓar da su. Maganin ya fito daga Ingila, inda John Whinfield da James Dickson suka haɗa zaren poliyesta a 1941, wanda Ingila ta sayar da sunan Terylene, Amurka kuma Dacron. Idan aka saƙa shi ba a gasa shi a masaƙa ba, zafi na sa shi ya tsuke da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma ba ya ruɓewa. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara sa wa jirage shi da sunan Ceconite. Ray Stits, wani maƙerin jirage na Kalifoniya, ya taɓa ƙonewa sa'ad da yake ƙona tsohon yadi mai naitiret, abin da ya sa ya nemi hanyar da babu dof a ciki sam. Tsarinsa, Poly-Fiber, ya fito a 1965.

Shekara guda bayan haka, a 1966, kamfanin Top Flite na Chicago, ƙarƙashin Sid Axelrod, ya fito da abin da ya raba kan masu ƙananan jirage gida biyu: MonoKote. Leda ce ta poliyesta mai launi, da gam a bayanta wanda zafi ke tayarwa. A ɗora, a bi gefe da ɗan dutsen guga, a bi tsakiya da zafi, ta ɗame tana sheƙi. Babu burushi, babu wari, babu jira, mai ba ya cin ta. A Ingila Derek Hardman ya fito da Solarfilm daga Chorley, daga baya Jamus ta kawo Oracover. Aikin wata guda ya koma na yamma biyu.

Tsofaffin hannu sun raina ta, kuma ba duk ƙorafinsu ne son zuciya ba. Leda ba ta ƙara wa fiffike taurin da siliki da dof ke ba shi, don haka wasu tsofaffin zane-zane da aka tsara bisa dogaro da wannan tauri sukan yi karkarwa a sama in an sa musu ita. Takan saki ta yi tamoji in jirgi ya sha rana ko ya wuni a cikin mota, in ta huje kuma yagewar na iya zarcewa. Amma gaskiya leda ce ta buɗe wa dubban mutane ƙofar wannan sha'awa, kuma ta yi aikin da ba a raina ba. Jirgin Maynard Hill, TAM 5, wanda bai kai kilo 5 ba, ya tashi daga Newfoundland ranar 9 ga Agustan 2003, ya sauka a yammacin Ireland bayan awa 38 da minti 52 da tafiyar kimanin kilomita 3,000. Balsa ne da jar leda. Hill yana da shekara 77 a lokacin, idanunsa sun kusa tafiya, har sai da ya riƙa rina gam ɗinsa ja don ya ga inda ya shafa.

Inda leda ta gaza ƙwarai shi ne wajen masu kwaikwayon tsofaffin jirage. Mutum ya kwashe shekara yana ƙera Piper Cub ko Sopwith Camel ko Tiger Moth a kashi ɗaya cikin huɗu na girman ainihi, sannan ya sa masa leda mai walƙiya, ya ɓata aikinsa da hannunsa. Alƙalan gasa na duba saƙar yadi, suna duba yadda yake ɗan lotsawa tsakanin haƙarƙari, suna neman ɗinki da zirin ƙyallen da ke rufe shi, mai baki irin na haƙoran zarto, wanda a babban jirgi ake yanka shi haka don kada ya warware. Masu ƙanana kan kwaikwayi ɗinkin da ɗigon farin gam ko guntayen zare, ɗaruruwa a fiffike guda, sannan su bi da zirin. Wannan buƙata, da girman da ƙananan jiragen da ake sarrafawa da rediyo suka yi daga ƙarshen shekarun 1970, su suka haifar da yadin poliyesta na ƙananan jirage.

Iri biyu ne, kuma zaɓi tsakaninsu shi ne muhawarar da ba ta ƙarewa a wuraren tashi. Akwai mai gam da launi a jikinsa, irin su Solartex na Ingila da Oratex na kamfanin Lanitz a Leipzig da kayan Coverite na Amurka. Ana sa shi da dutsen guga yadda ake sa leda, har ma ya fi ta biyayya a wuraren lanƙwasa irin su ƙarshen fiffike, domin saƙa na miƙewa ta kowane ɓangare in ta ji zafi. Nauyinsa na kaiwa giram 90 zuwa 100 a murabba'in mita. Akwai kuma tsuran yadi fari, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Koverall na kamfanin Sig da aka kafa a Montezuma a jihar Iowa, mai kimanin giram 42. Wannan sai an shafa wa ƙashin dof ko gam mai tashi da zafi, a manna, a ɗame, a cike saƙar, a yi fenti. Kallon farko sai a ce ya fi sauƙin nauyi da rabi, amma ma'auni na gaskiya sai bayan fenti. Mai nauyin hannu yana iya kai shi ya wuce ɗan'uwansa.

Lissafin ba shi da wuya. Fiffike mai faɗin rabin murabba'in mita yana cin mita guda na riga, sama da ƙasa. A kan jirgi mai kilo 8, giram 100 ba komai ba ne. A kan mai giram 600 kuwa, shi ne bambanci tsakanin jirgin da ke shawagi da wanda ke faɗowa da an rage wuta. Wutsiya ta fi ko'ina haɗari, domin tana nesa da tsakiyar nauyi, kowane giram da aka ƙara mata sai an biya shi da ninki uku ko huɗu na darma a hanci. Ga kuma ƙarfin ja: yadin poliyesta na iya murƙushe siririn ƙashin balsa da aka tsara domin takarda. Shi ya sa masu ƙananan jirage na roba da na shawagi suka tsaya ga takarda, ko 'yan'uwanta na zamani irin su Polyspan da Litespan, suka bar wa manya yadi.

Zafi ma da ƙa'idarsa. A manyan jirage ana fara guga a kan digiri 120 na ma'aunin Salshiyas, a ƙare a wajen 175, kuma ana auna dutsen gugar da ma'aunin zafi, ba a yarda da lambar da ke jikinsa ba. In aka zarce sosai zaren na sakewa har abada, gaba kaɗan kuma ya narke. Mai ƙaramin jirgi sau da yawa ba ya buƙatar kaiwa ƙarshen wannan ma'auni, da yadin ya miƙe ya isa. Ba a ɗame gefe ɗaya a gama sannan a juya, ana yi ne kaɗan a sama kaɗan a ƙasa, ana hango fiffiken daga baya a ga ko ya fara murɗewa. Wani abin da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne dof ba ya kama zaren poliyesta yadda yake kama auduga ko siliki, santsi ne da shi. Dole shafar farko ta ratsa saƙar ta kewaye zaren ta baya, ta riƙe shi. In ta tsaya a sama kawai, wata rana fentin zai ɓare a faifai guda.

Wannan batu na mannewa ya taɓa cin ran ɗaya daga cikin gwanayen sana'ar. Steve Wittman, shahararren mai tseren jirage wanda filin jirgin Oshkosh ke ɗauke da sunansa, yana da shekara 91 sa'ad da ya taso daga Florida da matarsa ranar 27 ga Afrilun 1995, a jirgin da ya ƙera da hannunsa. Jirgin ya wargaje a sama a kan jihar Alabama, dukansu biyu suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa yadin fiffiken bai manne da katakon yadda ya kamata ba, ya ɓalle ta baya, fiffiken ya kama karkarwa har ya karye. A ƙaramin jirgi asarar ba ta kai rai ba galibi, amma hanyar lalacewar ɗaya ce, shi ya sa masu manyan jiragen rediyo ke barin baki mai faɗi a duk inda yadi ya hau kan yadi, kuma ba sa gauraya gam na wani kamfani da fentin wani sai sun gwada a kan guntun katako.

Shekarar 2018 ta yi wa masu wannan sha'awa tsauri. A watan Janairu kamfanin Hobbico, wanda Top Flite da Coverite ke ƙarƙashinsa, ya shigar da takardar karyewar arziki, a shekarar kuma masana'antar Solarfilm ta daina aiki bayan kusan shekara 50. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yawancin masu saye a yau jirgin soso suke ɗauka, wanda ya zo a haɗe da launinsa, ko na balsa da aka riga aka rufe a masana'antun Sin da Biyetnam. Masu ƙera nasu daga zane sun ragu, suka riƙa wawason ragowar Solartex a kantuna.

Yadin dai bai mutu ba, hanya ce ta juya. Shekara ɗari ƙananan jirage na aron dabara daga manya, amma Oratex, wanda aka fara yi domin ƙanana, yanzu yana da nau'o'in da ake sa wa jiragen da ke ɗaukar mutane, ɗaya na jirgi mai nauyin har kilo 600, ɗaya na har kilo 6,000, wanda hukumomin sufurin sama na Turai da Amurka suka amince da shi. Ana manna su da gam mai ruwa, a ɗame da dutsen guga, ba a shafa musu dof ko fenti.